Karlskrona: Garin Da Sarki Ya Gina Wa Jiragensa, Ya Manta Da Ruwan Sha

Uwargida, a ce yau maigida ya dawo da yamma ya ce miki ki fara ɗaure kaya, hukuma ta ba da umarni duk mutanen garinku su tashi su koma wani sabon gari da ake ginawa. Mene ne farkon abin da za ki tambaye shi? Na tabbata kafin ki tambayi faɗin titi ko tsayin ganuwa, cewa za ki yi, "To Malam, akwai ruwa a wurin?" Sai kasuwa ta biyo baya, sai kuma inda za a kai yaro in jikinsa ya yi zafi da tsakar dare.

To, akwai garin da aka gina ba tare da kowa ya tsaya ya saurari irin waɗannan tambayoyi ba. Sunansa Karlskrona, yana kudu maso gabashin ƙasar Suwidin, a bakin Tekun Baltik. Wadda ta ga hotonsa a yau za ta ɗauka wurin shan iska ne kawai: tsibirai sama da talatin, wasu gada ta haɗa su, wasu sai da jirgin fito, ga ƙananan gidajen katako masu jan fenti sun jeru a bakin ruwa. Mutanen cikin garin ba su kai 40,000 ba. Amma nan ne babban sansanin sojan ruwan ƙasar, kuma don wannan aikin kaɗai aka kafa shi, yau shekara sama da 340 ke nan. Sarki ya samu abin da yake so, domin har yau abokan gaba ba su taɓa cin garin ba. Abin da ya riƙa kashe mutanensa daga cikin gida ya fito.

Ƙanƙara ce ta jawo

A wancan zamani Suwidin babbar daula ce a arewacin Turai, tana mulkin Finlan da wasu yankuna na hayin Tekun Baltik, kuma ba ta da abokiyar gaba kamar maƙwabciyarta Danmak. A 1675 yaƙi ya sake ɓarkewa tsakaninsu. Jiragen yaƙin Suwidin a lokacin suna ajiye ne a Istokholm, babban birnin ƙasar, can wajen arewa, inda ruwan teku kansa ke daskarewa da hunturu ya zama dutse. A hunturun farko na yaƙin sai da aka sa mutane suka riƙa yanka ƙanƙara da zarto don a buɗe wa jiragen hanya, aka yi makonni ana fama, daga ƙarshe aka haƙura. Su kuwa 'yan Danmak, da yake tasharsu tana kudu, ruwansu kan riga narkewa, sai su fito su tare hanya tun kafin abokan gabarsu su motsa.

Da aka samu aka fito ɗin ma ba a ji da daɗi ba. Ran 1 ga Yuni, 1676, babban jirgin da ƙasar ke taƙama da shi, mai suna Kronan, ya kife a kusa da tsibirin Oland, albarushin cikinsa ya kama wuta ya tarwatse. Mutum kusan 800 suka hallaka a wannan rana ɗaya. Ki ƙiyasta yawan gidajen da aka yi zaman makoki.

Sarkin lokacin, Karl na 11, saurayi ne, shekarunsa ba su kai 25 ba da aka gama yaƙin a 1679. Ya ɗauki wannan kunya da zafi, ya ce lallai a samo wa jiragen wani mazauni a kudu, inda ƙanƙara ba ta daɗewa, kuma kusa da Danmak. Aka duba, aka ga wani wuri a lardin Blekinge: tsibiri mai suna Trosso, ruwan gabansa yana da zurfi, ga wasu tsibiran sun kewaye shi kamar katanga, babbar mashiga ɗaya ce tak da manyan jirage za su iya bi. Wanda ya kafa igwa a dama da hagun wannan mashiga ya gama rufe ƙofa. Ran 10 ga Agusta, 1680 aka ba garin takardar zama birni, aka raɗa masa suna Karlskrona, wato "Kambin Karl". Akwai kuma wata manufar ta biyu. Lardin Blekinge na Danmak ne har zuwa 1658, mutanensa ba su gama sabawa da sababbin iyayen gijinsu ba, don haka dasa musu barikin soja a tsakiya wata hanya ce ta tuna musu wanda ke da ƙasa.

Tsibirin ba kango ba ne, yana da mai shi, wani manomi da ake kira Vittus Andersson. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, mutumin nan ya ƙeƙasa ƙasa ya ce ba zai sayar da gonarsa ba, sai aka tsare shi har ya amince. Yau akwai titi da sunansa a garin. Ladan da ya samu ke nan.

Gari kuma ba ya yiwuwa sai da mutane. Maimakon a jira su zo don kansu, sai sarki ya soke takardun birni na garuruwa biyu da ke kusa, Ronneby da Kristianopel, aka ce wa 'yan kasuwarsu da masu sana'a duk mai son ci gaba da neman abincinsa ya koma sabon gari. Ronneby ba ta sake samun matsayinta ba sai 1882, bayan shekara 202. Aka kwaso kafintoci da matuƙa daga arewacin ƙasar da Finlan, Jamusawa 'yan kasuwa su ma suka zo. Aka zuba harsuna iri-iri a kan dutse ɗaya, aka ce su zama 'yan gari.

Ta fuskar gini kam an yi bajinta, wannan ba a musu. Babban hafsan sojan ruwa Hans Wachtmeister ne ya tsaya kan aikin, manyan masu zanen gine-gine na ƙasar irin su Erik Dahlbergh da Nicodemus Tessin suka shata tituna miƙaƙƙu masu faɗi, da wani makeken dandali a ƙololuwar tsibirin wanda har yau yana cikin mafiya girma a arewacin Turai. A 1682 aka tura jirgin farko da aka ƙera a garin cikin ruwa. A 1692 aka gina rumfar tufka igiya, doguwar rumfa ta katako mai tsawon mita 300, domin igiyar jirgi sai an miƙe ta gaba ɗaya ake tufka ta. An ci gaba da aiki a cikinta har 1960, kuma tana nan tsaye. Daga 1717 zuwa 1724 aka fasa dutse aka yi wani ƙaton rami da ake shigar da jirgi, a rufe ƙofa, a kwashe ruwan, a gyara cikinsa a bushe. Kafin 1750 mutanen garin sun kai kimanin 10,000, ya shiga sahun manyan biranen ƙasar.

Teku ko'ina, tulu babu komai

Sai dai fa tsibirin dutse ne. 'Yan rijiyoyin da ke kansa ba su isa ko'ina ba, ruwan wasunsu ma da zartsi, tun da teku ce kewaye. Abin da ya ishi manomi ɗaya da shanunsa ina zai ishi mutum dubu goma, ga kuma jiragen yaƙi da kowanne sai an cika masa ganguna kafin ya tashi? Mafitar da aka samo ita ce a riƙa ɗebo ruwa da jirage daga kogin Lyckeby, wani ƙauye da ke kan tudu 'yan kilomitoci daga garin. Wato ruwan da za a sha, da na girki, da na wankin jariri, duk sai ya hau jirgi kafin ya iso.

Duk macen da ta taɓa zama a unguwar da sai an jira mai kura ta san abin da wannan ke nufi. Takan san ranar da za a yi wanki da ranar da za a ɗaga shi, takan san ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa. Ki ƙara da sanyin da ke sa hannu ya ƙage, da ranakun da iska ko ƙanƙara za su hana jirgin ruwan zuwa. Kuma ba sai an faɗa miki wanda za a fara ba in ruwan ya yi kaɗan ba, tsakanin jirgin sarki da matar leburan da ke riƙe da bokiti.

Haka aka zauna har 1863, lokacin da aka ja bututu daga Lyckeby, aka gina ma'ajiyar ruwa a gefen babban dandali, gini mai kama da ƙaramar fada. Shekara 183 ke nan bayan kafa garin. Mutanen da suka iya fasa dutse don jirgi ya samu wurin kwanciya tun 1724, su ne suka ɗauki ƙarin shekara kusan 140 kafin su kawo wa matansu famfo. Ni dai a wurina wannan lissafin ya fi duk wata ganuwa bayyana halin garin.

Matar sojan ruwa

Yawancin matuƙan jiragen ba a cikin garin suke zaune ba. Sarki Karl na 11 ya tsara wata dabara ta samun soja ba tare da baitulmali ya sha wahala ba: a haɗa manoma 'yan ƙalilan, a ce su ɗauki nauyin sojan ruwa guda. Su za su gina masa ɗan ƙaramin gida, su yanka masa 'yar gona, su taimaka masa da sutura. In an yi kira, sai ya saɓa jakarsa ya kama hanyar Karlskrona, wani a ƙafa zai yi kwanaki yana tafiya. An yi amfani da wannan tsari har wajen ƙarshen ƙarni na 19.

Da ya fita, komai ya dawo kan matarsa. Ita ce noma, ita ce kiwo, ita ce itacen hunturu, ita ce tarbiyyar yara, wata da watanni ba wasiƙa ba saƙo. Amma abin da ya fi ɗaci shi ne, gidan ba nasu ba ne, na muƙamin ne. In labari ya zo cewa mijin ya rasu a teku, dole manoman su samo wani ya maye gurbinsa, shi kuma sabon gidan zai shiga. Matar mamaci da 'ya'yanta sai su fita. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a wancan zamani a ga sabon sojan ya auri matar wanda ya gada, ita ta tsira da rufin ɗaki, shi ya samu wadda ta san gonar. Matan da suka yi zaman bariki a ko'ina cikin duniya ba za su ji wannan labari baƙo ba.

Su kuwa leburorin ma'aikatar ƙera jirage, unguwarsu Bjorkholmen, wani ɗan tsibiri da ke manne da ma'aikatar. Gidajen suna nan har yanzu, 'yan mitsi-mitsi, wasu dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga, a kan tituna masu sunayen manyan hafsoshi da nau'o'in jirage. Wata doguwar katanga ta raba ma'aikatar da sauran gari, kuma akwai hasumiyar ƙararrawa ta katako da aka gina wajen 1700 don ta riƙa sanar da lokacin shiga aiki da na tashi. Da wannan ƙararrawa uwargidan Bjorkholmen ke sanin lokacin ɗora tukunya. Yau gidajen nan sun zama abin so, masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hotonsu da furanni a tagogi. Waɗanda suka haifi 'ya'ya shida a ɗaki guda a cikinsu da sun ji haka da sun yi dariya.

Har yara ma ba a bar su ba. A 1685 aka kafa rundunar yaran jirgi, inda ake ɗaukar yara maza, a farkon zamani har da 'yan shekara takwas, galibi 'ya'yan talakawa da marayu, a ba su abinci da tufa da karatu, a koya musu hawan igiya da aikin teku. Ga uwar da mijinta ya mutu ya bar ta da baki biyar, wannan rufin asiri ne da kuma rabuwa a lokaci guda. Ba a rufe rundunar ba sai 1939. Ɗaya daga cikin jiragen da aka koyar da su, wanda aka gama ƙerawa a 1900, yana nan ɗaure a bakin gidan tarihin sojan ruwa na garin. Sunansa Jarramas, kuma sunan na da labari. Sarki Karl na 12, ɗan wanda ya kafa garin, bayan Rasha ta ci shi da yaƙi a 1709 ya gudu ƙasar Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ya yi shekara biyar yana baƙunta. Daga can ya zo da kalmar, aka fara raɗa wa wani jirgin yaƙi, sunan ya yi ta gado. Da Turkanci ma'anarta "mai ƙiriniya". Jirgin da aka cika da yara maza kam ai ba a yi kuskuren suna ba.

Abin da igwa ba ta tarewa

A bakin mashigar nan da na ambata an gina ganuwa biyu, Kungsholm a hannu ɗaya, Drottningskar a ɗayan. Sun yi aikinsu, domin ko a 1801 da rundunar jiragen Ingila ta zo ta tsaya a waje, juyawa ta yi ba tare da an gwabza ba. Amma cuta ba ta neman izinin mai gadi. A 1710 zuwa 1711 annobar da ta ratsa ƙasashen Baltik ta shigo garin ta kashe dubbai. Gari ne da aka cusa mutane a barikoki da cikin jirage, ga ƙarancin ruwan wanka da wanki, don haka duk cutar da ta shigo sai ta samu shimfiɗa.

Mafi muni ita ce ta 1788 zuwa 1790. Kafin nan, daga 1782 zuwa 1785, wani gwanin ƙera jirage mai suna Fredrik Henrik af Chapman ya yi abin da ya ba Turai mamaki: manyan jiragen yaƙi goma da matsakaita goma a cikin shekara uku. Dabararsa ita ce a sassaƙa gaɓoɓin jirgi iri ɗaya tun da wuri a jere su, in an zo sai haɗawa kawai, kamar telar da ta yanka ɗinkin anko gaba ɗaya kafin ta hau keke. Aka raɗa wa manyan sunaye irin su Adalci, Jarumtaka, Taka-tsantsan, har da wani wai shi Tausayi, alhali bakin igwa sama da sittin ne a jikinsa. Da waɗannan jirage Sarki Gustav na 3 ya far wa Rasha a 1788.

A watan Yuli na wannan shekara suka kama wani jirgin Rasha mai suna Vladislav, aka yi ta murna. Ashe ganimar da ciwo a cikinta. Mutanen jirgin na ɗauke da wani zazzaɓi mai tafiya ya dawo, wanda ƙwarƙwatar tufafi ke yaɗawa. A lokacin ba wanda ya san ƙwarƙwata ce, an fi zargin gurɓatacciyar iska. Da rundunar ta dawo Karlskrona gab da hunturu, sai cutar ta bi barikoki kamar wutar daji. Asibitin soja ya cika, aka koma kwantar da mutane a rumfuna da tantuna. Dubban mutane suka mutu, har waɗanda zazzaɓin ya kashe suka fi waɗanda harsashin Rasha ya kashe nesa ba kusa ba. Waɗanda suka ɗan farfaɗo aka sallame su gida, suka tafi ƙauyukansu da kayan jikinsu da bargunansu. Matar da ta yi wata da watanni tana duban hanya ta tari mijinta da murna, ta karɓi kayansa ta shigar ɗaki, bayan 'yan kwanaki ita da yara suka kwanta. Abin da tafasasshen ruwa da sabulu da canjin tufa za su rage ƙarfinsa, shi ya tashi gidaje.

Ba a gama wannan jimami ba, a watan Yuni na 1790 gobara ta tashi ta cinye mafi yawan garin, da yake kusan duk gidajen na katako ne. Garin da ruwan shansa ma sai an yi dako, da me za a kashe wuta?

Tsohon da ke bakin coci

Duk wanda ya je Karlskrona sai an kai shi ya ga Rosenbom. A ƙofar cocin sojan ruwa, wanda aka buɗe a 1685 kuma shi ne cocin katako mafi girma a ƙasar, akwai wani mutum-mutumi na itace, siffar dattijo mai gemu da doguwar riga, ya miƙa hannu ɗaya. Asusun sadaka ne. Sai ka ɗaga hularsa, ka jefa kuɗi ta wata kafa da ke kansa, a tara a ba mabuƙata. Wanda ke waje yanzu kwafi ne, na asalin an shigar da shi ciki saboda ruwa da sanyi.

Labarin da ake bayarwa, wanda ya fi kama da na baka, shi ne wai Rosenbom ma'aikacin jirage ne da ciwo ya kayar, aiki ya gagara, ya koma bara don ciyar da iyalinsa. A daren shiga sabuwar shekara, wai ta 1717, ya bi gidajen manya yana roƙo. A wani gida hularsa ta faɗi, mai gidan ya ɗaga masa, shi kuma ya yi wata maganar da ba ta yi wa mai gidan daɗi ba, aka tura shi waje cikin dusar ƙanƙara. Da gari ya waye aka same shi a jikin bangon cocin ya sandare, hannunsa a miƙe. Ko haka aka yi ko ba haka ba, abin lura shi ne, garin da ke cike da sunayen sarakuna da manyan hafsoshi, wanda yaran ƙasar suka fi sani a cikinsa almajiri ne. Marubuciyar nan Selma Lagerlof, mace ta farko da ta ci kyautar Nobel ta adabi a 1909, ta sa shi a littafinta na yara kan tafiyar Nils Holgersson, shi ya ƙara masa suna.

A bakin ruwa kuma, a tsohuwar kasuwar kifi, akwai wani mutum-mutumin na tagulla, na mace mai sayar da kifi. An yi shi ne don tunawa da matan tsibirai da kan shigo gari da abin da mazansu suka kamo. Ita ba ta da suna.

Baƙon dare

Suwidin ba ta sake shiga yaƙi ba tun 1814, don haka garin ya daɗe yana shirin abin da bai zo ba. Sai a daren 27 ga Oktoba, 1981, lokacin zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, wani jirgin yaƙin Sobiyet mai tafiya a ƙarƙashin ruwa ya hau kan dutse ya maƙale a cikin yankin da soja suka haramta shiga, kimanin kilomita 10 daga sansanin. Duk da na'urori da masu gadi, masunta ne suka gan shi da safe suka kai rahoto. Kyaftin ɗin jirgin ya ce na'urorinsa ne suka lalace ya ɓata hanya, 'yan Suwidin kuwa da yawa ba su gaskata ba. Aka yi kwana goma ana ja-in-ja, jiragen Sobiyet na jira a bakin iyaka, sojan Suwidin na cikin damara. Firayim Minista Thorbjorn Falldin ya fito ya shaida wa duniya cewa awon da aka yi ya nuna da alamar akwai makamin nukiliya a cikin jirgin. Ran 6 ga Nuwamba aka ja shi zuwa tsakiyar teku aka miƙa wa masu shi. Iyayen da suka kwana goma suna kai yara makaranta da wannan abu a bayan gari, su suka san yadda suka yi barci.

Garin a yau

A 1998 hukumar UNESCO ta sa Karlskrona cikin wuraren tarihi na duniya, a matsayin misalin garin sojan ruwa da aka tsara tun daga tushe kuma ya tsira kusan yadda yake. Tsibirin Stumholmen, inda a da ake gasa burodin soja ana ajiye kayan abincinsu, an buɗe shi ga jama'a, kuma a nan aka buɗe sabon gidan tarihin sojan ruwa a 1997. A ciki akwai Hajen, jirgin ƙarƙashin ruwa na farko da ƙasar ta mallaka, wanda aka ƙera a garin a 1904. A ganuwar Kungsholm kuma akwai wani lambu na itatuwan ƙasashe daban-daban, waɗanda matuƙa suka riƙa dawowa da su tsaraba daga tafiye-tafiyensu.

Ma'aikatar jiragen ba ta mutu ba. Kamfanin Saab ya saye ta a 2014, kuma har yanzu jiragen yaƙi ake ƙerawa a wurin. An samu ƙarin hanyoyin abinci: masana'antar manyan wayoyin lantarki da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin teku, kamfanonin sadarwa, jirgin fito da ke zuwa Gdynia ta ƙasar Folan, da jami'ar fasaha ta Blekinge da aka kafa a 1989. Kafin 2011, lokacin da karatun jami'a a Suwidin kyauta ne har ga baƙi, ɗalibai da yawa daga Asiya da Afirka sun bi ta wannan jami'a. Garin da aka fara da baƙin da aka tilasta wa zuwa, yanzu yana da baƙin da suka zo da ƙafarsu, ciki har da Musulmi. A 2017 masallacin unguwar Kungsmarken ya samu izinin kiran sallar Juma'a da lasifika, abin da ba a saba ji ba a ƙasar, kuma sai da aka yi ta muhawara a kai. Mai azumi a can yana ganin abin mamaki: a tsakiyar bazara rana kan yi sama da awa 17 ba ta faɗi ba, a watan Disamba kuwa da ƙyar take cika awa bakwai. Shekarun 2015 zuwa 2017 da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, azumin yini ya haura awa 18.

Matsayin mata ma ya sauya. A 2017 ƙasar ta dawo da aikin soja na dole ga matasa, wannan karon maza da mata, don haka uwar da a da take sallamar ɗanta zuwa Karlskrona yanzu tana iya sallamar 'yarta. A 2020 aka naɗa Ewa Skoog Haslum shugabar rundunar sojan ruwa, mace ta farko da ta riƙe muƙamin.

Bayan Rasha ta afka wa Yukren a 2022, Suwidin ta ajiye tsohuwar al'adarta ta 'yar ba-ruwanmu, ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO ran 7 ga Maris, 2024. Tekun Baltik ta sake ɗaukar zafi, jiragen ƙawaye na yawan shigowa tashar da Karl na 11 ya zaɓa. A watan Nuwamba na wannan shekarar gwamnati ta aika wa kowane gida a ƙasar wani ɗan littafi mai launin ruwan ɗorawa, kan abin da iyali za su yi in rikici ko yaƙi ya zo. An shawarci kowane gida ya tanadi abin da zai riƙe shi mako guda ba tare da taimakon hukuma ba: abincin gwangwani, magunguna, rediyo mai batir, tocila, barguna, da ruwan sha a jarkoki, aƙalla lita uku ga kowane mutum a kowace rana.